Hawan Kibo Cikin Hazo, Ummi Tana Kujerar Baya

Ɗaurin auren ƙanena ne ya ɗaga mu daga Abuja zuwa Jos a makon ƙarshe na Disamba. An sa shi ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ni kuma na yi wa Yaya alkawarin zan kwana a gida ranar Juma'a, domin akwai zaman dangi da daddare da ake so kowa ya halarta. Babban ɗanmu ya riga mu tafiya tun da aka ba su hutu, yana can wajen Hajiya, mahaifiyarmu, a unguwar Gangare da ke Jos. Saura ni da uwargida da Ummi, wadda ta cika shekara uku a watan Nuwamba. Sunan Hajiya aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidanmu.

Niyyata mu kama hanya da an sauko daga masallaci, haka kuma aka yi. Sai dai duk wanda ya san Nyanya da Mararaba ranar Juma'a, balle a hutun ƙarshen shekara, ya san abin da muka tarar. Kusan awa biyu muka yi kafin mu wuce Masaka. A Keffi muka yi la'asar a makare. Daga nan hanya ta buɗe, amma sararin sama bai buɗe ba. Buji ya sauko tun kwana uku kafin nan, rana ta koma kamar farin faifai a rataye, kana iya kallonta ido da ido ba ta kashe maka gani. Duwatsun da kan tarye ka tun daga nesa in ka doshi Akwanga, ranar ko inuwarsu ban gani ba.

Ana kiran magariba muka shiga Akwanga. Bayan na yi sallah na tsaya a bakin titi ina kallon motocin da ke fitowa daga hanyar Jos. Fitila ce kawai kake fara gani, jajaja-jajaja cikin ƙura, sai ta zo dab da kai sannan ka gane tirela ce ko ƙaramar mota. Na leƙa bayan motarmu, Ummi ta yi barci, kanta ya karkata gefe guda, takalminta ɗaya ya faɗi. Na ɗauko waya na kira Yaya.

"Yaya, ina wuni. Muna Akwanga, amma ina ganin a nan za mu kwana."

"Kwana kuma? Lafiya dai? Motar ce?"

"Mota lafiyarta ƙalau. Hazo ne ya yi yawa, ga dare, ga Ummi."

"Haba! Kai da aka haifa a Jos? Abin da ya rage maka bai wuce awa uku ba. Mutum nawa ne ke hawa Kibo da daddare?"

Na ba shi haƙuri, na ce in Allah ya yarda da hantsi muna gida. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Allah ya kai mu," da muryar da na san ransa bai so ba. Ban ga laifinsa ba. Shi ne babba, tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan, kuma akwai maganganun da yake so a gama kafin gobe. Na ji nauyin saɓa masa ƙwarai, har yanzu ma ina ji.

Dalilin da ban iya zayyana masa a waya ba ya faru ne a wata ƙasa. A 2017 na tafi ƙarin karatu birnin Abadin da ke arewa maso gabashin Sikotland, daga baya uwargida ta biyo ni da yayan Ummi, lokacin bai cika shekara biyu ba. Sanyinsu ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, mai tsattsage leɓe da diddige. Nasu jiƙaƙƙe ne, ga dogon dare, a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Da safe sai ka kankare ƙanƙarar da ta kwana a gilashin mota da wani ɗan faifan roba. Wani dattijon Bature maƙwabcinmu ya taɓa ganina da butar ruwan zafi zan watsa wa gilashin, ya yi maza ya tare ni, ya ce gilashi mai sanyi in ya sha ruwan zafi farat ɗaya yana iya tsagewa.

Dusar ƙanƙarar da muke gani a hoto fara sol da sauƙi, tunda kana ganinta, ita da kanta za ta sa ka rage gudu. Wadda direbobin can suka fi tsoro ita ce wadda suke kira baƙar ƙanƙara. Ruwa ne ko raɓa ke kwanciya a kan kwalta, da sanyi ya kai digiri sifili sai ya daskare ya zama siririyar fata garai-garai, ba abin da kake gani sai baƙin kwaltar da ke ƙarƙashi. Ido zai ce maka hanya ce kawai ta jiƙe. Gada ta fi saurin kamawa, saboda iska na ratsa ta sama da ƙasa, ba ƙasar da za ta riƙe mata ɗumi. Manyan hanyoyi ana bin su da motoci masu watsa gishiri don ya hana ruwan daskarewa da wuri, amma ba kowace ƙaramar hanyar ƙauye ake kaiwa gare ta ba.

Wata safiya a Janairun 2018 muka fita barka gidan wani abokin karatuna da ke zaune a wajen gari. Sama garau, ba ruwa ba dusa. Ma'aunin mota ya nuna digiri 1, na gani, na kuma ci gaba da tafiyata, gudun da bai kai kilomita 50 ba. Muna hawa wata 'yar gada abin da na fara lura da shi shiru ne. Ƙarar nan da taya ke yi a kan kwalta, wadda ba ka ma san kana jinta ba, ta ɗauke ɗif. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar an kwance shi. Na danna birki da iyakar ƙarfina, na ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuwa ta ci gaba da tafiyarta a karkace, a hankali, kamar jirgin ruwan da aka saki. Uwargida tana ta innalillahi. Sai da tayar baya ta daki tudun ciyawa a gefen hanya sannan muka tsaya, gaban motar na kallon inda muka fito. Na waiwaya. Yaron yana ɗaure a kujerarsa, bai gusa ko taƙi ɗaya ba, biskit ɗinsa ma na hannunsa. Allah ya sa ba mota a ɗaya hannun.

Daga baya na koma littafin dokokin hanya na Birtaniya, wanda na karanta don jarrabawa kawai, na sake karanta shi da idon wanda ya gani. Yana nan a rubuce: a kan ƙanƙara, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya na iya ninkawa har sau goma, taya ba ta ƙara, kuma birki da totur da sitiyari duk a hankali ake taɓa su. A ƙarshen Fabrairun shekarar, da guguwar dusar ƙanƙara ta taso daga gabas har ɗaruruwan motoci suka kwana a kan babbar hanyar da ta fita daga Gilasgo, ni kwana uku na yi ban taɓa makullin mota ba.

Na san a Hawan Kibo, hawan dutsen nan da ke hanyar Akwanga zuwa Jos, ruwa ba ya daskarewa. Ƙanƙarar da muka sani a Jos ta sama ce, wadda ke zubowa da ruwan farkon damina ta ragargaza wa manoma kayan lambu, ta narke kafin a jima. Amma tun daga kan gadar nan na san hanya na iya ɓoye maka abin da ke kanta, ka gane a lokacin da ƙafarka ba ta da sauran amfani, kuma hazo in ya haɗu da dare aikin da yake yi ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Muka nemi masauki muka kwana.

Da asuba, bayan sallah, na fito duba mota. Ƙura ta kwanta a gilashi kamar an barbaɗa gari. Ban kunna waifa a kan busasshiyar ƙura ba, don karce gilashi take yi. Na wanke da ruwan gora, na cika tankin ruwan waifa, na duba ruwan lagireto da iskar tayoyi. Ina cikin haka sai ga uwargida ta fito da Ummi, an naɗe ta tsaf: suwaita, hular sanyi, safa, a sama kuma wata ƙatuwar rigar sanyi mai kumburi da aka sayo mata musamman saboda Jos. Fuskarta na ƙyallin man kaɗanya.

Na ce, "Maman Ummi, sai an cire mata babbar rigar nan kafin ta shiga kujera."

Ta ce, "Abban Ummi, ka ji iskar nan kuwa? Jiya fa da tari ta kwana."

Ta san dalilin, tare aka koya mana. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba yara a gida a Abadin ce ta nuna mana. Amma shekaru sun ja, kuma uwa in ta ji ɗanta na tari, ba abin da take gani sai tarin. Don haka ban yi musu ba, na ce mu gwada. Muka zaunar da Ummi da rigar, na ɗaure bel na ja shi har ya kama. Na ɓalle ba tare da na sassauta ba, muka cire rigar, muka sake ɗaurewa. Sai ga hannuna gaba ɗaya ya shige tsakanin bel da ƙirjinta. Rigar iska ce cike da ita. Ranar da mota ta tsaya da ƙarfi za ta lotse nan take, yaro ya sami filin da zai fita ta sama. Na ja bel ɗin har ya zamana in na kai yatsu biyu wajen kafaɗarta ba na iya tsunkuno shi, sannan muka juya rigar muka zura mata hannuwa ta gaba, muka ɗora bargo. Ɗumin bai ragu ba. Uwargida ba ta ce komai ba, ta gyara mata hula, ta zauna kusa da ita a baya.

A nan zan ɗan tsaya, domin abin na damuna. A hanyar nan kaɗai na ga motoci fiye da yadda zan ƙirga, uwa a gaba da jariri a cinya, ko yaro a tsaye tsakanin kujeru biyu yana riƙe da kafaɗar babansa. Soyayya ce, na sani, ba sakaci ba. Amma ba hannun uwar da zai iya riƙe yaro in mota ta daki abu, kuma jakar iskar da ke fashewa a gaba don babba aka yi ta, yaro kuwa illa take masa. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta daɗe tana cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya ya kamata su zauna. Muna kashe kuɗi a kan anko da kayan biki waɗanda suka fi kuɗin kujerar yaro, ana ma samun ta gwanjo mai kyau.

Ƙarfe shida da kwata, gari ya fara haske, muka karanta addu'ar tafiya muka tashi. Daga Akwanga hanya ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa. Muka bi ta Gwantu da Fadan Karshi, ɓangaren da hanyar ke ɗan ratsa jihar Kaduna. Mata da yara a bakin hanya sun kewaye wutar kara, kowa ya miƙa tafin hannu. Ba mu yi nisa ba gilashi ya fara yin gumi ta ciki, numfashin mutum uku da tururin fulas ɗin kunun gyaɗa sun haɗu da gilashi mai sanyi. Na kunna esi tare da hita, na juya iskar zuwa gilashi. Uwargida ta ce, "Esi kuma, a wannan ɗarin?" Na ce ai shi ke tsotse laimar, hita kuma ta ɗumama iskar. Kafin minti biyu gilashi ya washe. Goge shi da hannu ko da gefen hula, kamar yadda muka saba gani, dabbare-dabbare kawai yake bari, in fitila ta haska ka daina gani gaba ɗaya.

Muka wuce dajin da ake kira Forest, muka wuce mashigar ruwan Assop, sai ga hawan ya fara.

Ga wanda bai sani ba, Abuja na kan tudun da bai wuce mita 500 da wani abu daga teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Kaso mai yawa na wannan bambancin a Hawan Kibo ake biyan sa, cikin 'yan kilomitoci na kwana-kwana, dutse a hannu ɗaya, kwari a ɗaya hannun. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Shi ya sa ɗan Jos in ya sauka Akwanga yake cire suwaita. Kunnuwana suka toshe, Ummi ta fara taɓa nata tana ɓata fuska, uwarta ta ba ta kunu ta kurɓa don haɗiya ke buɗe su.

Hazon a nan ya fi na ƙasa kauri. Na bar fitila a ƙasa, ban ɗaga ta ba, domin in ka ɗaga cikin hazo hasken kanka yake dawowa, ka zama kamar mai kallon farin bango. Na sa giya ta biyu na bi bayan wata tirela da ke nishi, na bar tazarar da zan ga tayoyinta na baya da kwaltar da ke tsakaninmu da yalwa. Babbar mota a kan hawa tana iya mutuwa ta dawo da baya, wanda ya manne mata ba shi da wajen gudu. Wata ƙaramar mota ta zo bayana tana ta haska ni da fitila tana hon. Minti nawa muka yi a haka ban sani ba, amma na ji kowane ɗayansu. Akwai wani abu da ke tsikarar namiji in ana masa hon daga baya, kamar an ce masa rago. Na kalli madubi, maimakon motar sai idona ya faɗa kan Ummi, ta fito da hannu ɗaya daga bargo tana zana wani abu a gilashin gefenta. Na ci gaba da bin tirelata. Da aka sami ɗan miƙaƙƙen wuri mai hon ya fita ya wuce. Allah ya kai shi lafiya.

Kwana biyu a gaba sai na fara ganin ganye a kan kwalta, reshe nan, reshe can, alamar da direbobinmu ke sawa in mota ta lalace. Tirelar gabana ta rage gudu har kamar za ta tsaya. Wata babbar mota ce maƙare da buhuna ta mutu a tsakiyar kwanar, a hannunmu, an danna mata duwatsu a bayan tayoyi, yaran motar sun hura wuta a gefe sun duƙunƙune cikin barguna. Daga ganin tokar da ta taru, a nan suka kwana. Ba fitila ko ɗaya a jikinta. Ɗaya daga cikin yaran ya miƙe ya leƙa gaba, ya yafito mu da hannu, muka zagaye ta ɗaya bayan ɗaya. Na sauke gilashi na ce masa sannu da sanyi, Allah ya kawo mafita, ya ce amin Alhaji. Uwargida ta miƙa masa ledar ƙosan da muka saya a Akwanga. Ba wanda ya ce da wani komai a cikin motar har muka ƙare hawan, amma na san lissafin da take yi, don shi nake yi: da mun taho jiya, wajen ƙarfe tara na dare za mu iso wannan kwanar.

A saman tudu duniya ta canja. Fili ya buɗe, busasshiyar ciyawa ruwan zinariya, katangun ƙyarana kewaye da gonaki, duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su, irin na Riyom da kowa ke ɗauka a hoto. Ma'aunin mota ya nuna digiri 12. Muka tsaya wajen masu kayan gwari a bakin hanya, uwargida ta sayi dankalin turawa da kabeji da karas na gidan biki. Na fito da Ummi don ta miƙe ƙafa, na mayar mata da babbar rigarta yadda ya kamata, na zuge zif har wuya. Iskar ta dake ta, ta ƙanƙame ƙafata, sannan ta lura da tururin da ke fita daga bakinta. Ta hura, ta sake hurawa, ta ce, "Abba, ina hayaƙi!" Mai shayin da ke wajen ya yi dariya ya ce, "'Yar Abuja ce wannan, Alhaji." Na ce 'yar Gangare ce, hanya ce ta yi mata nisa. Da za mu koma mota muka sake cire rigar, muka sake ɗaurewa, muka sake rufawa. Ta yi ƙorafi, an kuma yi.

Mararabar Jama'a, Bukuru, sai cikin gari. Goma saura muka tsaya a ƙofar gida. Yaya na tsaye da babbar riga yana ba yara umarnin shimfiɗa tabarmi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce in yi maza in shirya. Zaman da aka yi jiya an yi shi ba ni, an kuma yanke abin da aka yanke. Hajiya kuwa ko kallona ba ta yi ba, ta wuce kai tsaye ta buɗe ƙofar baya tana cewa, "Ina takwarata? Wa ya ɗaure min ke haka kamar akuyar kasuwa?" Ta yi ta fama da maɓallin bel ɗin har sai da jikanta ya zo ya nuna mata inda ake dannawa.

An ɗaura aure lafiya. Da daddare sanyi ya sauko sosai, irin wanda ke sa ruwan randa ya gagari alwala. Aka kawo kaskon garwashi ɗakin Hajiya, jikoki suka kewaye shi, tana gasa wa Ummi tafin ƙafa da hannunta tana shafa mata man zafi a ƙirji. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon kaskon, ina tuna gargaɗin da ake yi wa direbobi a can, cewa in dusar ƙanƙara ta toshe salansa kana zaune a mota da inji a kunne, iskar da ba ta da wari ba ta da launi za ta cika motar, barci ya ɗauke ka. Ita ce dai iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki. Ina neman yadda zan faɗa ba tare da na zama mai koya wa uwata zaman Jos ba, sai ta ɗago ta ce, "Kai, ɗauki kaskon nan ka kai tsakar gida, yaran nan sun fara gyangyaɗi. Ba a kwana da shi."

Na naɗe hannu da tsumma na ɗauka. A tsakar gida na tarar da Yaya shi kaɗai a kan kujera, ya lulluɓe da bargo. Na ajiye kaskon a gabansa. Ya miƙa hannuwa, ya tambaye ni yaushe za mu koma. Na ce Litinin, amma sai rana ta ɗaga sosai, don gangarar ta fi hawan wuya, da giya ake saukar ta ba da birki ba. Ya gyaɗa kai, ya ce in biya ta Farin Gada kafin mu tafi, ya sa a ajiye mana buhun dankali.